Ƙishirwa a bakin Kogin Hoh

Dajin Hoh da ke gandun Olympic, a jihar Washington ta Amurka, yana samun ruwan sama wajen mita 3 da rabi a shekara. Gansakuka ta lulluɓe itatuwa tun daga gindi har rassa, tana reto a kanka, ga kogi yana ta ruri a hannunka na dama. Amma wallahi abin da ya fi gallabarmu a hanyar nan ƙishirwa ce.

Tafiyar kanta ba ta da wata wahala da farko. Daga ofishin baƙi, inda hanyar ta fara, zuwa Glacier Meadows, zangon ƙarshe kafin ƙanƙarar Blue Glacier da muka nufa, kusan kilomita 28 ne, kuma wajen kilomita 20 na farko shimfiɗe suke, sai dai taɓo da saiwoyi masu santsi. Izinin kwana da abinci da tanti duk mun shirya, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba.

A zangon Five Mile Island, kilomita 8 daga mafari, gorunanmu suka ƙare. Na sauka bakin kogin da sabon matacina na hannu, wanda mai shago ya rantse mini cewa babu kogin da zai gagare shi. Ruwan fari-fari ne da ɗan shuɗi, kamar ruwan wankin shinkafa. Gora ta farko ta cika lafiya. A ta biyu sai na ji hannun famfon ya fara tauri. Kafin ta uku ta kai rabi, ina dannawa da duka ƙarfina, ɗigo-ɗigo kawai ke fita. Abokina ya karɓa yana cewa wai ban ci abinci ba ne, shi ma ya yi ta fama har jijiyar wuyansa ta tashi. Shiru.

Wata dattijuwa da ta kafa tantinta kusa da mu ce ta warware mana. Kogin Hoh daga ƙanƙarar Dutsen Olympus yake gangarowa, dutsen da tsayinsa ya haura mita 2,400. Ƙanƙarar tana tafiya a hankali tana niƙe duwatsun da ke ƙarƙashinta su zama gari mai laushin gaske, wanda ba ya saurin kwanciya. Shi ne ya ba ruwan wannan launi, shi ne kuma ya toshe ramukan matacin. Da rani ma abin ya fi muni da yamma, bayan rana ta wuni tana narkar da ƙanƙara, kuma daidai lokacin muka ɗiba. Abin haushin, mun tsallake ƙoramu masu ruwa garai-garai a hanya, har da wadda ke zubowa daga Mineral Creek, ba wanda ya ce mana nan ne wurin cika gora.

Kurɓa kai tsaye kuwa ba mu yarda ba. Akwai manyan namun dajin nan masu ƙaho da ake kira elk, garke guda muka gani a kan tsakuwar bakin kogin, kuma ƙwayar jiyardiya mai sa gudawa ba ta duba kyan wuri. Sai tafasawa. A nan ne asarar ta biyu ta shigo: gas ɗin da muka auna don girki ya tafi a dafa ruwan sha. Itace ga shi nan birjik, amma duk wanda ka ɗaga a jiƙe yake har ciki. Muna isa Olympus Guard Station, masaukin masu gadin dajin, wajen kilomita 15, muka girgiza tukunyar gas muka ji ta kusa zama wayam, muka juya. Blue Glacier da muka taso dominta, ko daga nesa ba mu hango ta ba. Kuɗin mota daga Seattle, hutun da na roƙa a wurin aiki, duk saboda garin dutse.

Alwala dai ba ta buƙatar mataci, amma ruwan na da sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Da asuba sai da na cusa hannuwa cikin hammata kafin in iya zuge tanti.

In za ka bi hanyar nan, ka cika gorunanka a ƙananan ƙoramu duk inda ka gan su, ko da ba su yi rabi ba, domin wasu kan janye a ƙarshen rani. In dole sai kogin, ka ɗiba a tukunya ka bar shi ya kwana, da safe ka tsiyaye na sama a hankali ka tace. Ka zo da sirinjin wanke mataci, wanda ni nawa yana cikin kwalinsa a gida domin mai shagon ya ce ba sai da shi ba. Ka ƙara tukunyar gas guda a jaka, nauyinta bai kai na komawa da rabin tafiya ba.

Matacin na mayar wa masu shagon. Yaron da ke kan kanta ya jujjuya shi, ya tambaye ni ko a cikin laka na tsoma shi.