Godiya daga Buffalo, bayan hunturu ya sake mu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na nan Amurka. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Tun Janairu nake son rubuta wannan godiya, gajiya ta hana ni. Yanzu da ƙasa ta bushe, yara suna fita wasa, ba ni da sauran uzuri.

Da yawanku kun ji labarin guguwar da ta afka wa garinmu Buffalo, a jihar New York, ranar Juma'a, 23 ga Disamba, 2022. Iska ta wuce gudun mil 70 a awa, dusar ƙanƙara ta haura inci 50 cikin 'yan kwanaki, aka hana tuƙi, aka rufe filin jirgin sama. Mutum sama da 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a gida cikin sanyi bayan wuta ta ɗauke. Dattawan garin suna cewa tun ta 1977 ba su ga irinta ba. Ga shi wata guda kafin nan, a Nuwamba, an riga an zuba kusan inci 80 a Hamburg da Orchard Park, kudu da mu. Buffalo yana bakin Tafkin Erie ne ta gabas, to idan iska mai sanyi ta ratso ta kan ruwan da bai daskare ba, sai ta kwaso danshi ta juye mana a kai.

Ranar da abin ya fara, Abban yara yana wurin aiki, kuma can ya maƙale har aka buɗe hanya. Ni kaɗai da yara a gida, ƙaramar tana goye.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga dattijon da ke maƙwabtaka da mu, wanda kakanninsa daga Poland suka zo. Da iska ta ɗan lafa sai na ji ana buga ƙofa. Shi ne tsaye, gira da gashin baki duk sun yi fari da ƙanƙara. Ya ce in sa takalmi in biyo shi. Ya kai ni gefen gida, ya nuna min wani farin bututu da hayaƙin na'urar ɗumama gida ke fita ta cikinsa, dusa ta kusa rufe bakinsa. Ya durƙusa ya tone shi da hannu, yana faɗa min cewa idan ya toshe, hayaƙin da ba ya wari zai koma cikin ɗaki, mutum ya kwanta barci bai farka ba. A wannan guguwar ma an rasa rai ta haka. Baba, duk da ba ka jin Hausa, na faɗa wa mutanena abin da ka yi mana. Allah ya ƙara maka lafiya.

Sai iyalin nan 'yan Bangladesh na ƙarshen layinmu, da suka ji madarar jaririya ta ƙare, shaguna kuma duk a rufe. Ɗansu ya keto dusa har ƙugu ya kawo mana gwangwani guda da tukunyar shinkafa mai zafi. Haka kuma mutanen garin da ban san su ba, waɗanda suka kwana a Facebook suna haɗa mai buƙata da mai taimako, da masu babur ɗin kan dusa da suka riƙa kai marasa lafiya asibiti. Allah ya saka da alheri.

Amma wallahi guguwar ba ita ta fi karya ni ba. Ita ta zo ta wuce, kowa yana kira yana jaje. Abin da ya gajiyar da ni shi ne watannin da suka biyo baya. A Disamba kafin ƙarfe biyar an yi magariba. Kullum safiya sai ka ɗauki shebur, ka kankare gilashin mota, ka zuba gishiri a bakin ƙofa, ka naɗe yara riga kan riga, kafin ku fita ɗaya ya ce fitsari. Dusar da ke da kyau a hoto, bayan kwana biyu ta zama baƙin tudu a bakin titi. Zuwa Fabrairu na daina ɗaga labule, na daina amsa waya, abinci ma sai don yara.

A nan ne nake son in daɗe ina godiya. Yayata ta Zariya da ke nan garin, ke kika lura na yi shiru a zaurenmu na WhatsApp. Ba ki tambaye ni komai ba, kika zo ranar Asabar da tuwon shinkafa da miyar kuka, kika karɓi goyo kika ce in je in kwanta. Kika mayar da shi al'ada har azumi ya kama. Ke ce kuma kika matsa sai da na ga likita, aka gano sinadarin bitamin D ya yi ƙasa a jikina saboda rashin rana, aka ɗora ni a kan magani. Yaya, ba ni da bakin gode miki, Allah ya raya miki zuri'a.

Hajiyata a Kano, kina hana kanki barci don ki same ni a farke, kina sa yara su karanta miki Fatiha ta waya. Abban yara, ka dawo aikin dare ka ɗauki shebur ba ka taɓa ƙorafi ba. Malaman masallacinmu da suka bi gida-gida suna duba iyalai. Allah ya biya ku da gidan Aljanna.

Waɗanda suka rasa nasu a wannan hunturu, Allah ya ba su haƙuri da dangana.

Ga 'yan uwa masu shirin zuwa karatu ko aiki a watan Agusta, musamman masu yara: ina da rigunan sanyi da takalman dusa da yarana suka fi ƙarfinsu, duk masu kyau ne. Ku yi min magana tun kafin ku taso, kada ku kashe kuɗi a kansu.