Maganadisun da ban liƙa ba shi ya ƙona mana firij

Har yau in na wuce ta gaban firij ɗin Hajiya sai raina ya sosu. Kuɗin sabon kwampireso daga aljihuna ya fita, don kawai na gaskata lambar da ke kan allo na ƙi gaskata kunnena.

Gudun janaretanmu na gida a Samaru nake son aunawa. Na haɗa Arduino Nano, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, da sensa A3144 mai gane wucewar maganadisu, da ɗan allon da zai nuna lambar. Na liƙa ɗan maganadisu a gefen ƙarfen nan mai nauyi da igiyar tayarwa ke juyawa. Lissafin ba wuya: a ƙirga wucewar maganadisu cikin daƙiƙa ɗaya, a ninka da 60. Janareta irin namu mai ba da wutar 50 Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, juyi 3000 yake yi a minti.

Na tayar, sai allo ya nuna kusan 6200. Injin da ke wannan gudun ai kukansa kaɗai ya isa ya fito da maƙwabta, namu kuwa ƙararsa ta kullum yake yi. Ban tsaya tunanin haka ba. Na ɗauki sukurudireba na dinga sassauta gwamna, abin da ke daidaita gudun injin, don in rage gudun, ina jin kaina wani gwani. Ƙwan lantarki ya dushe, fanka ta koma tafiyar hawainiya, firij na jone, yana ta gurnani ya kasa tashi. Warin ƙuna ne ya tsayar da ni.

Washegari makanikin unguwarmu ya cire murfin, ya kai bakin sukurudireba gefen ƙarfen, sai ji kake ƙas, ya manne. Ya dube ni ya ce, “Injiniya, da me kake zaton koyil ke ba fulogi wuta?” Ashe injin da maganadisunsa ya zo tun daga kamfani, shi koyil ke amfani da shi. Sensa na ganin nasa, tana ganin nawa, kowane juyi ta ƙirga biyu. Gudun gaskiya kusan 3100 ne, lafiya ƙalau, ni ne na lalata saitin.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gwajin minti biyu ya isa ya tsare ni: a zare hular fulogi, a ja igiya a hankali da hannu, a ga sau nawa sensa ke amsawa a juyi ɗaya. Ban yi ba.

Na ɓamɓare nawa maganadisun na bar na injin. Tartsatsin fulogi ma ya ɗan riƙa ƙara ƙirgen bogi, sai na nisanta wayar sensa daga wayar fulogi, na sa Arduino ya watsar da duk siginar da ta biyo wata kafin milisakan 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Muka maido da gwamna muna kallon mitar auna wuta: tana nuna 50 Hz, allona na nuna 3000.

Hajiya dai ta kafa doka: kafin in sake kusantar janareta da sukurudireba, sai an zare firij daga soket a gabanta.