Daga Tudun Wada zuwa Samaru a kan keke

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kekunan da suka yi shekaru jingine a zaure suka fara fitowa titunan Zariya. Nawa ma yana ciki. A Tudun Wada nake zaune, aikina kuma a Samaru, kuɗin bas da na acaba zuwa da dawowa ya kai inda albashi ba ya ɗauka. Abin da ke tayar mini da hankali yanzu shi ne sababbin mahayan da nake gani, yawanci samari da ɗalibai, suna bin sawun bas tun daga farko har ƙarshe, sai ka ce babu wata hanya a garin.

Kafin mai keke ya tambayi wace hanya ce ta fi kusa, gara ya tambayi a ina zai gamu da manyan motoci, kuma da ƙarfe nawa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Daga wajenmu dole ka haye gadar kogin Kubanni kafin ka kai unguwar da ake kira PZ, wannan babu makawa. A nan nake riƙe layina, ba na lauje-lauje, ba na kuma mannewa can bakin kwalta inda yashi ke taruwa ya zame da tayar gaba. Da na wuce PZ sai in bar babban titi in shiga layukan GRA. Akwai ɗan zagaye, amma ga inuwar itatuwa, motocin kuma ƙanana ne, ba masu lodin fasinja ba.

Kwangila ce babbar magana. A nan titin Kaduna zuwa Kano ya gitta titin Sakkwato, wanda ya bi ta Samaru da Shika ya nufi Funtuwa. Ƙarƙashin gadar saman da ke wurin ga bas-bas na lodi, ga 'yan acaba da masu Keke Napep kowa na farautar fasinja, ga masu talla, ga tirela da tanka suna neman juyawa. Ɗan'uwa, kada ka taɓa shiga tsakanin tirela da bakin titi ta hannun damanta. Direban yana zaune a hagu ne, can sama, wanda ke ƙasa daf da ƙofar dama ba ya ganinsa ko kaɗan. Idan kuma zai karya kwana dama, kan motar yakan buɗe hagu tukuna, kai kana ganin fili ya samu, ashe tayoyin baya ta nan za su yanko. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ni dai sauka nake yi in tura kekena har sai na fita daga cunkoson, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi haka. Babu abin kunya a ciki.

Daga nan zuwa ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ta Palladan da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da Zango, hanya miƙaƙƙiya ce, abin lura kawai bas. Da ka ji kwandasta ya buga jikin mota, to za ta ci birki ta yo gefe, da sigina ko babu. Ka ba ta tazara.

Wasu kuma suna bin hannun da ba nasu ba, wai don su riƙa ganin motar da ke tahowa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mai keke ma hannunsa ke nan. Direban da zai fito daga layi ya hau titi, hagunsa yake dubawa, don daga can motoci ke zuwa. Kai da ka ɓullo masa ta dama ba ka cikin lissafinsa. In kuma aka yi karo gaba da gaba, gudunsa da naka ne za su haɗu a jikinka.

Da ƙarfe shida da rabi na safe nake fita, kafin 'yan makaranta su cika hanya, in kuma yi ƙoƙari magariba ta same ni a gida. Da hunturu hazo kan rufe gari har hantsi, shi ya sa na ɗaura fitila gaba da ja a baya, ina kuma sa riga mai haske. A watan Agusta, in ka ga ruwa kwance a kan titi kada ka keta, ba ka san zurfin ramin da ke ƙasa ba. Mai dogon wando ya naɗe ƙafar dama saboda sarƙa.

Mutanen cikin birni suna da tasu sauƙin, don lungunan cikin ganuwa tirela ba ta shiga, sai dai a yi hattara da yara da acaba a kwana, a riƙa kaɗa ƙararrawa har a fito Ƙofar Doka. Wanda zai fara, ya zagaya hanyarsa ranar Lahadi da safe lokacin da titi ba kowa, ya haddace ramuka, ya kuma san inda masu faci suke zama tsakanin PZ da Samaru.