Lahadi a Tarkwa Bay

Yau ban buɗe shago ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya matsa sai mun je Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, muka shiga kwale-kwale mai inji daga Marina. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Tiga ba, don haka har muka sauka ban saki gefen jirgin ba.

A can na tarar da yaran wurin suna hawa igiyar ruwa a kan wani dogon allo, su miƙe tsaye, ruwa ya kwaso su har gaɓa. Na ce wannan ai ganganci ne. Ya ce, "Kawu, ba ka ga komai ba." Ya ciro waya ya nuna min Nazare a ƙasar Fotugal, inda wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau igiya mai tsayin mita 26 a 2020. Bene hawa takwas ke nan, mutum a gindinsa kamar ƙuda.

Abin da ya tsaya min shi ne dalilin. Ni a zatona ƙasan teku shimfiɗe yake kamar faifai. Ashe dab da garin akwai kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa, tsawonsa wajen kilomita 230, kamar Kano zuwa Kaduna, zurfinsa ya kai mita 5,000 a wani wurin. Igiya ta fi gudu inda ruwa ke da zurfi. Wadda ta bi ta kwazazzabon sai ta riga, ta karkato, ta ci karo da wadda ta biyo ta inda ba zurfi, su hau kan juna.

Na tambaye shi wa ya nutsa ya auna. Ya ce jirgi ne ke aika sauti ƙasa, a lissafa daƙiƙun da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. A ƙarshen 2019 ma masu bincike sun dasa na'urori a kwazazzabon ƙasan teku da ke bakin kogin Kwango, a farkon 2020 laka da yashi suka zaftare, suka gangara fiye da kilomita 1,100, suka tsinke wayoyin intanet na ƙasan teku, har Najeriya aka ji a jika.

Wai nan Legas ma akwai namu kwazazzabon, mai suna Avon, can gabas da mu.

Da za mu dawo na zauna a tsakiyar jirgi, ban leƙa ruwan ba. La'asar sai a Obalende na yi ta, yashi cike da takalmina.