Mako na biyar: shuɗin Ƙofar Mata ya ba mu wahala

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana game da ɗan fim ɗinmu na ƙarshen zango, mai minti 7, labarin yaron da kakansa ke son ya gaje shi a rini.

Ranar Asabar muka yi sammako zuwa marinar Ƙofar Mata da ke Kano, mu huɗu cikin A Daidaita Sahu ɗaya, ƙafar kyamara a kwance kan cinyoyinmu. Kyamarar ma ta aro ce, tsohuwar Canon. Wani dattijo da muka nemi izini wurinsa tun makon jiya ya dube mu ya ce, "Samari, ku dai kar ku faɗa rijiya." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Wurin da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa, ai ba a shigarsa da rawar kai.

Abin da na fi ƙwallafa rai a kai shi ne lokacin da ake tsamo zane daga ruwan baba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar ya san zanen da ɗan kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka. Na ɗauka sau uku, daga nesa, daga kusa, sannan hannun Baba yana matsewa, hannun da rini ya riga ya kama har farce. A ɗan gilashin kyamara komai ya yi kyau, har muna tafawa.

Sai da na zauna tacewa da daddare na ga ɓarnar. Zane ɗaya, shuɗi iri uku. Ashe na bar wa kyamara ta zaɓi ma'aunin fari, wato saitin da take daidaita launuka da shi, da kanta, ita kuwa duk sanda shuɗi ya cika mata ido sai ta yi ƙoƙarin rage shi, ta zuba ja-ja a fuskar mutum. Canjin launin da na je nema, ita ta shanye shi. Na kwashe awa biyu a manhajar tace fim ta DaVinci Resolve ina jan wannan ina sakin wancan, abin ya ƙi, domin hoton wannan kyamara a matse yake, da ka matsa masa sai ya dagargaje. Ranar Talata muka koma. Na sa farar takarda a gaban kyamara cikin hasken wurin, na kulle ma'aunin a kanta, ban sake taɓawa ba. Minti ɗaya kacal ya ci.

Sauti kuma wani babi ne. Makirfon jikin kyamara ba abin da bai kwasa ba, hon ɗin titi, mai tallan ruwa, da ƙarar masu bugu da ke lallasa shadda a gefe, in ban da maganar jaruminmu. Yanzu ƙaramin makirfo na kwalar riga muke amfani da shi, wanda muka saya a kasuwar waya ta Farm Centre, a jona da waya a jefa cikin aljihu. Kafin kowace ɗauka sai wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara. A kwamfuta tafin yana fitowa kamar tsinin mashi a layin sauti, sai ka daidaita shi da inda tafukan suka haɗu a hoto, shi ke nan baki da murya sun zo ɗaya. Ƙarar bugun kuwa da na tsana ranar farko, na koma na naɗe ta ita kaɗai, kuma a kan dukanta nake yanka fitowar farko. Ta fi duk kiɗan da na gwada.

A taƙaice kan fitowar zaure: layuka suka riƙa yawo a bango ƙarƙashin ƙwan lantarki, don kyamarar tana kan hoto 30 a daƙiƙa. Wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce, saboda haka ku sa hoto 25, shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ga kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. In janareta ne, ku gwada tukuna, shi ba ya tsayawa a magana ɗaya.

Kwamfutata mai RAM 8 tana tari in na ɗora mata hoton asali, sai da na koyi yin ƙananan kwafi na aiki, a mayar da na asali lokacin fitarwa. An kuma ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, batirin ya mutu tun bara, amma wannan karon na riga na adana.

Saura fitowa biyu, ɗaya a kan Dala da hantsi, kuma hazo ya fara sauka. Wanda ke da gilashin rage haske mai faɗin milimita 58, don Allah ya ara mana zuwa Lahadi.