Ruptur ne, a dawo jibi

Duk wanda ke da mai ciwon suga ko hawan jini a gida nan Garwa ta Kamaru ya san wannan amsar, ka miƙa ordonans, wato takardar likita, a farmasi yarinyar ta duba kwamfuta ta ɗago kai tace ruptur ne, wato maganin ya yanke. Haka akai ma gwaggota kan maganin hawan jininta da ta shekara da shekaru tana sha, tace "'yata to yaushe zai zo?" yarinyar tace "wallahi Hajiya mu ma bamu sani ba, ki dawo jibi." Kuma gaskiya ta faɗa, ba wanda ya gaya mata. Muka dinga biyan kuɗin moto daga wannan farmasi zuwa wancan, ashe wannan samfurin an daina kawo shi kwata-kwata, da likita ya sani da wuri ai canza mata wani kawai zai yi.

Magani yana yankewa ko'ina a duniya, wannan kam ba sabon abu bane. Abinda ke cina shine shirun. A Amurka tun 2012 doka ta tilasta ma kamfani ya sanar da hukumar FDA wata 6 kafin ya daina yin magani mai muhimmanci, ko in ya hango aikin zai tsaya. Kanada tun 2017 dole a rubuta ƙarancin a shafin intanet da kowa zai iya buɗewa. Faransa da yawancin magungunan farmasinmu ke biyowa ta can, shekara guda ake bada sanarwa kafin a janye babban magani, kuma tun 2021 dole kamfani ya aje na aƙalla wata 2 a sito. Wato kenan a Paris an san labari da daɗewa, mu nan sai dai mu ji a bakin kanta.

Ku tuna Fav-Afrique, maganin dafin maciji na kamfanin Sanofi Pasteur. An daina yinshi a 2014, ragowar ya ƙare wa'adi a Yunin 2016, sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tai ta ihu a 2015 kafin duniya ta waiwayo. To wa ke shan cizon kububuwa in ba manomanmu na kwarin Binuwai ba, mutanen Lagdo da Poli da Tubboro, masu shiga gonar auduga da silifa? Mutum ana ɗauko shi a moto jini na zuba ta dasashi, a iso asibitin ƙauye ace babu, ace a gwada gaba, alhali hanya ta cinye awannin da suka rage mishi. In da akwai inda nas zai duba ya ga wane asibiti ke dashi ai kai tsaye za a wuce can.

Kuma mu ba hukumomi muka rasa ba fa. Akwai CENAME a Yawunde mai sayo magungunan asibitocin gwamnati, akwai asusun lafiya na kowane yanki da ke rabawa, akwai sashen kula da magunguna a ma'aikatar lafiya, ita kanta hukumar magunguna ta Afirka AMA yarjejeniyarta ta fara aiki a Nuwamban 2021. Ni abinda nake so doka ta fito fili tace duk mai shigo da magani dole ya sanar kafin kaya su yanke, ya faɗi dalili, ya faɗi na ɗan lokaci ne ko ya tafi kenan, wanda ya ɓoye a ci shi tara mai zafi. Sannan labarin kar ya tsaya a takardar Faransanci cikin ofis, a turo ma likitoci da masu farmasi ta WhatsApp, a faɗa a rediyo da Fulatanci da Hausa.

Don in mutum ya gaji da yawo kasuwa zai nufa wajen masu tebur, ya sayi kwalin da ya wuni a ranar Garwa ta watan Afrilu, wanda ba mai iya ce maka daga ina ya fito, kuma mai farfaɗiya ko mai allurar insulin ba zai iya jiran jibi ba.