Godiya ga Duk Masu Hannu a Walimar Kek ɗin 'Yan Matanmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Asabar 'yan matan da ke zuwa karatun hutu a zaurenmu sun sauke littafin Anne of Green Gables, kuma mun yi 'yar walima lafiya mun tashi lafiya. Na ga bai dace in yi shiru ba, don hannu da yawa ne ya ɗauki wannan jinka.

Ga waɗanda suka yi ta tambayar me ya haɗa karatu da kek: Lucy Maud Montgomery ce ta rubuta littafin, ya fito a 1908, labarin wata marainiya ce a tsibirin Firins Edwad na Kanada. A babi na 21 yarinyar ta yi kek don karrama sabon fasto da matarsa. Mura ta toshe mata hanci, ta ɗauko kwalbar da aka rubuta banila a jikinta ta tsiyaya, ashe man zafi ne uwar riƙonta ta juye a ciki bayan kwalbarsa ta fashe. Baƙuwar kuma saboda kara ta ci gaba da ci ba ta ce uffan ba. Ranar da muka karanta wurin nan har masu nauyin baki a Turanci sai da suka yi magana, wasu na cewa laifin yarinyar ne, wasu na uwar riƙon. Ni dai na fi ganin laifin mai juye magani a kwalbar girki. A nan suka ce sai sun yi kek ɗin yadda ya kamata ya fito.

Godiya ta farko ga Gwaggo. Muna gama auna ƙwai, bota, sukari da fulawa, kowanne nauyi ɗaya, aka ɗauke wuta. Yara suka yi cirko-cirko. Gwaggo ta ce, "Ku ba ni wuri, 'ya'yan nan, kafin a san oban da me muke gashi?" Ta zuba yashi a babbar tukunya, ta ɗora kan gawayi har ya ɗau zafi, ta zaunar da gwangwanin a kai, ta rufe, ta zuba garwashi kaɗan bisa murfi. Ta kuma kafa doka: babu mai ɗaga murfin nan kafin minti 20, don iska na shiga tsakiyar za ta lotsa. Bugun bota da sukari kuwa da muciya aka yi shi, karɓa-karɓa, har ya yi fari ya yi sakayau. Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Yaya, mun gode da sitiroberin da ka taho mana da shi daga Jos, a kwali, ko ɗaya bai dame ba. A littafin jan jam kawai aka shafa a tsakiya. Jera 'ya'yan itace a sama dabarar yaran ce, suka haɗa da abarba da gwanda bayan kek ya huce sarai.

Maƙwabciyarmu mai sayar da kayan kek ta ba mu filebon banila da bakin hoda kyauta, ta kuma tsaya sai da kowace yarinya ta shinshina kwalbar. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Iyayen da suka yarda 'ya'yansu su riƙa zuwa, da Malam da ya ara mana littattafan, da samarin da suka shimfiɗa tabarmi suka kwashe, Allah ya saka muku da alheri.

Akwai faranti biyu na tangaran da wuƙa mai jan ƙota da aka bari a zaure, mai su ya aiko yaro ya karɓa.